Hari da Ƙwayoyin Cuta: Ina Shirinmu Ya Kwana a Talata Mafara, Bakura da Maradun?

A watan Janairun 2025 Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta Tarayya ta sanar da ɓullar cutar saifa a wata gona a Jihar Zamfara. Cutar saifa, wadda likitoci ke kira antaraks, tsohuwar cuta ce da makiyaya da mahauta suka daɗe da sani. Ita ce ke kayar da lafiyayyar saniya cikin dare, a wayi gari a tarar da ita ta kumbura, baƙin jini na fita ta hanci da baki da dubura. Kafin wannan, a watan Yulin 2023, an tabbatar da ita a wata gona kusa da Suleja a Jihar Neja, bayan an kai samfuri cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato.

Ƙwayar da ke haddasa wannan cuta ita ce aka zuba a cikin wasiƙu a Amurka a 2001, ta kama mutum 22, biyar suka mutu. Shi ya sa duk lokacin da aka ambaci sunanta sai hankali ya tashi, musamman a yankin da ya daɗe yana fama da 'yan bindiga. Mutane na tambaya: shin wanda ya iya ƙona rumbu, ya iya sace ɗalibai, ba zai iya watsa cuta da gangan ba? In kuma ya yi, wa zai gane, kuma cikin kwana nawa?

Tambaya ta farko tana da amsa mai kwantar da hankali. Har zuwa yanzu babu wani hari da ƙwayar cuta da hukumomi suka tabbatar a Najeriya, kuma tarihi ya nuna aiki ne mai matuƙar wuya. Tambaya ta biyu ce ya kamata ta hana mu barci, domin sanƙarau da kwalara da gubar dalma sun riga sun gwada mu, kuma an ga sakamakon.

Mene ne ta'addanci da ƙwayar cuta?

Shi ne mutum ko ƙungiya su saki ƙwayar cuta, ko dafin da wata halitta ke fitarwa, da niyyar cutar da mutane, dabbobi ko amfanin gona, don a jefa tsoro ko a cimma wata manufa. Cututtukan da masana suka fi sa wa ido a wannan fanni sun haɗa da saifa, agana, annobar ɓeraye, da zazzaɓin da ke sa zubar jini irin su Ebola da Lassa.

Abin da ya bambanta shi da bom ko bindiga shi ne ba ya ƙara. Babu hayaƙi, babu gudu. Ƙwayar cuta tana ɗaukar kwanaki a jiki kafin ta nuna alama, saboda haka wanda zai fara cin karo da ita ba soja ba ne ko ɗan sanda. Uwa ce da ɗanta ya kwana da zazzaɓi, da mai kemis, da malamin asibitin ƙauye, da ungozoma, da mahaucin da ya ga saifar dabba ta yi baƙi ta kumbura.

Ƙasashen duniya sun haramta wannan makami da yarjejeniyar 1972 wadda ta fara aiki a 1975, kuma Najeriya na cikin waɗanda suka amince da ita. Sai dai yarjejeniya tana ɗaure gwamnatoci ne. Kare al'umma kuwa aikin asibiti ne da ɗakin gwaje-gwaje.

Abin da tarihi ya nuna

A 1984, a wani gari mai suna Dalles a jihar Oregon ta Amurka, mabiya wata ƙungiya sun gurɓata abincin gidajen cin abinci da ƙwayar salmonela don su hana mutanen garin fita zaɓe. Mutum 751 suka kamu da gudawa da zazzaɓi, ba wanda ya mutu. Sai da aka yi kusan shekara guda kafin a gano cewa da gangan aka yi. A duk tsawon lokacin, jami'an lafiya sun ɗauke shi a matsayin gurɓacewar abinci, suka rufe wuraren, suka kula da marasa lafiya, kuma hakan ne ya tsayar da cutar.

A 1993 ƙungiyar Aum Shinrikyo ta Japan, duk da tarin dukiya da masana kimiyya da take da su, ta yi ƙoƙarin watsa ƙwayar saifa a birnin Tokiyo, ba wanda ya kamu. Daga baya, a watan Maris na 1995, ta koma ga iskar guba a jiragen ƙasa na birnin. Harin wasiƙun Amurka na 2001 kuwa, hukumar FBI ta rufe bincikensa a 2010 tana mai cewa wani masani ne da ke aiki a ɗakin gwajin sojan ƙasar ya aikata. Wanda ya fara gano cutar wani likita ne a jihar Fulorida, da ya duba ruwan laka na wani majinyaci ya ga ƙwayar da bai saba gani ba, bai yi shiru ba, ya sanar da hukumar lafiya.

Abu biyu ke fitowa daga nan. Na ɗaya, hari mai girma yana buƙatar ilimi da kayan aikin da ba a samu a daji. Na biyu, a kwanakin farko babu mai iya bambanta cutar da aka saki da wadda ta zo da kanta. Saboda haka shirin tarar ɗaya shi ne shirin tarar ɗayar. Garin da zai iya gano sanƙarau cikin mako guda zai iya gano duk wata baƙuwar cuta. Wanda ya kasa wannan kuwa, ba wata runduna ta musamman da za ta cece shi.

Kwana 65 na sanƙarau

Ma'auni mafi kusa da mu shi ne annobar sanƙarau nau'in C ta 2016 zuwa 2017, wadda ta faro daga Zamfara. Da aka bi sawun cutar daga baya, an lissafa farkonta daga 13 ga Disamban 2016. Ma'aikatar Lafiya ta jihar ta sanar da Hukumar Daƙile Cututtuka ta Ƙasa, wato NCDC, ranar 16 ga Fabrairun 2017. Tsakani kwana 65 ke nan. Cibiyar ɗaukin gaggawa ta ƙasa kuma an buɗe ta ranar 3 ga Afrilu, bayan wasu kwana 46.

Zuwa tsakiyar Yunin 2017 an lissafa mutum 14,518 da ake zargin sun kamu a faɗin ƙasa, 1,166 suka rasu. Zamfara kaɗai ta ɗauki sama da 7,000 daga cikin masu cutar. Waɗanda aka gwada samfurinsu a ɗakin gwaje-gwaje 1,339 ne kacal, wato ƙasa da ɗaya cikin goma. An yi wa kimanin mutum miliyan 2.1 rigakafi a Zamfara, Sakkwato, Katsina da Yobe a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da cutar ta riga ta yi nisa.

Me ya jawo jinkirin? Rigakafin da aka yi wa jama'a a shekarun baya na nau'in A ne, ba ya kare mutum daga nau'in C. Ba kowane asibiti ke da mai iya ɗibar ruwan laka ba, ga ƙarancin kwalaben da ake ajiye samfuri a ciki har ya isa ɗakin gwaji bai lalace ba. Marasa lafiya da yawa sun fara da kemis da maganin gida. Allurar nau'in C kuma ba ta wadata a duniya a lokacin, sai an nema daga rumbun ajiyar gaggawa na ƙasa da ƙasa tare da shaidar gwaji.

A yau masana na auna shirin ƙasa da ƙa'idar 7-1-7: a gano cuta cikin kwana bakwai da ɓullarta, a sanar da hukuma cikin kwana ɗaya, a kammala matakan farko na ɗauki cikin kwana bakwai. Duka mako biyu da kwana ɗaya. A 2017 an haura kwana 100. An samu ci gaba tun daga nan. An sa hannu a dokar kafa NCDC a Nuwamban 2018, an shigo da manhajar SORMAS don aika rahoto ta waya da kwamfuta, kuma a Maris na 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da allurar Men5CV mai kariya daga nau'i biyar na sanƙarau. Amma manhaja ba ta ganin mara lafiya. Sai wani ya gani ya faɗa.

Agwagin da ba a kula da su ba

A farkon 2010 mutanen wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum sun lura agwaginsu na ƙarewa. Ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci. A watan Maris ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka tarar da yara na jijjiga suna mutuwa, ana ba su maganin zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau ba sa samun sauƙi. Gwajin jini ya nuna gubar dalma ce daga ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Sama da yara 400 suka rasu. A ƙauyuka biyu da aka bi gida gida, an tarar ɗaya cikin kowane yara huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar ya rasu cikin shekara guda.

Dalma ba ƙwayar cuta ba ce, kuma ba wanda ya zuba ta da mugun nufi. Amma yadda ta zo, haka hari zai zo: dabbobi su fara mutuwa, yara su biyo baya, alamomin su yi kama da cutar da aka saba, maganin da aka saba ya ƙi ci. Da a ce mutuwar agwagin ta kai kunnen malamin dabbobi, shi kuma yana da hanyar magana da malamin asibiti, da an ci ribar makonni.

Abin bai tsaya a tarihi ba. A Afrilun 2024 NCDC ta sanar tana binciken wata cuta mai kumbura ciki, galibi a yara, a ƙaramar hukumar Isa ta Jihar Sakkwato. Ba a jima ba gwamnatin Zamfara ta ba da rahoton irinta a Maradun, Shinkafi da Gusau. Zargin masu bincike ya karkata ga ƙarafa masu guba, kuma sai da aka aika samfuri wajen jihar. Duk kwanan da samfuri ya yi a hanya, kwana ne da iyali ke zaune cikin duhu, jita-jita kuma na samun wurin zama.

Inda tsaro da lafiya suka haɗu

Shekarar 2021 ba za ta gushe daga zukatan mutanen wannan yanki ba. A Fabrairu aka sace 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a Talata Mafara. A Agusta aka kai hari Kwalejin Noma da Kiwon Dabbobi ta Bakura. Ranar 1 ga Satumba aka kwashe ɗalibai 73 a Kaya ta Maradun. A daidai wannan lokacin aka rufe kasuwannin mako, kwanaki kaɗan bayan haka kuma aka katse layukan waya a jihar tsawon makonni. A wannan shekarar ce kuma kwalara ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya ta kashe sama da 3,000, Zamfara na cikin jihohin da abin ya fi shafa.

A duba yadda waɗannan ke haɗuwa. Asibitin da ma'aikaci ya gudu ya bari ba ya aika rahoto. Ƙauyen da ba a iya shiga ba a yi masa rigakafi. Iyalin da ke tsoron hanya ba sa fita da mara lafiya cikin dare. Masu gudun hijira da suka cika makaranta ko kango suna sha daga rijiya ɗaya, ban-ɗaki kuma bai isa ba. Garken da aka sace aka kora daga daji zuwa daji ba ya ganin allurar malamin dabbobi, kuma ana sayar da namansa ba tare da dubawa ba.

An ga irin wannan a Rodeshiya, wadda yanzu ake kira Zimbabuwe. Kafin yaƙin neman 'yanci, masu kamuwa da saifa kaɗan ne a shekara. Tsakanin 1978 da 1980, da yaƙi ya rusa aikin rigakafin dabbobi a karkara, sama da mutum 10,000 suka kamu, sama da 180 suka mutu. Har yau masana na jayayya a kan ko da hannun sojojin gwamnatin Turawa a ciki. Ko da hannu ko babu, abin da ya ba cutar dama shi ne rushewar aikin lafiyar dabbobi da na mutane. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ɗan bindiga ba ya buƙatar ɗakin gwaji kafin ya jawo annoba. Ya isa ya kori malamin asibiti, ya tare hanya.

Batun ruwan Bakolori

Madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, ita ce jijiyar noman rani a Talata Mafara, Bakura da Maradun. Ba mamaki in tunanin mutane ya tafi kanta idan ana maganar guba. A kwantar da hankali. An gina ta ne don ta riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 450. Ruwa mai wannan yawa yana tsinka duk abin da ya shiga cikinsa, ga zafin rana da ke kashe ƙwayoyin cuta da yawa.

Hatsarin da muke gani kullum yana kusa da gida: rijiyar da ba ta da murfi, masai da aka haƙa dab da rijiya, magudanar noman rani da ake wanka da wanki da sha a cikinta, jarkar ɗan garuwa da ba a wankewa, randar da kowa ke tsoma moɗa da hannu. Ta nan kwalara da taifot ke shiga, musamman da damina idan ambaliya ta kwaso bahaya ta zuba a ruwan sha. Murfin rijiya, da tafasa ruwa ko sa masa sinadarin kulorin, da wanke hannu da sabulu, suna kare gida daga ƙazanta, suna kuma kare shi daga mai mugun nufi.

Jita-jita ma tana kisa

Manufar ɗan ta'adda tsoro ne, kuma tsoro ba ya buƙatar ƙwayar cuta. A Agustan 2014, lokacin Ebola, saƙo ya zaga wayoyi cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Mutane sun kwanta asibiti, wasu sun mutu, alhali cutar ba ta ma iso garuruwansu ba. A Satumban shekarar, a ƙauyen Wome na ƙasar Gini, an kashe mutum takwas daga tawagar da ta je wayar da kai, bisa zargin su ke kawo cutar. A Oktoban 2017 iyaye a kudu maso gabashin Najeriya sun yi ta rububin kwashe 'ya'yansu daga makarantu saboda raɗe-raɗin sojoji na yi wa yara allurar ƙyandar biri.

Mu ma a Arewa mun ɗanɗana. A 2003 Kano, Zamfara da Kaduna sun dakatar da rigakafin shan-inna bisa zargin an gurɓata shi. Kano ba ta dawo ba sai Yulin 2004, kuma cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20. Zargin bai faɗo daga sama ba. Mutane na tune da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara 200 a Kano lokacin sanƙarau na 1996, inda 11 suka rasu, shari'ar da ta ƙare da sulhun dala miliyan 75 da gwamnatin Kano a 2009 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Saboda haka ba a warkar da rashin yarda da faɗa ko gori. Ana warkar da shi ne da faɗin gaskiya da wuri, da nuna sakamakon gwaji, ta bakin mutanen da jama'a suka sani.

Akwai wani hatsarin da ya fi wannan a yankin da ake zaman ɗar-ɗar tsakanin maƙwabta. Idan mutum goma suka kwanta da amai da gudawa bayan biki ko cin kasuwa, abu ne mai sauƙi wani ya ce mai nono ce, ko baƙon da aka gani bakin rijiya. Irin wannan magana kan jawo a zubar da jinin wanda bai ji ba bai gani ba, cutar kuma ta ci gaba da cin mutane domin an bar ainihin tushenta. Kwalara ba ta tambayar ƙabila. Gwaji ne kaɗai ke faɗin abin da ke cikin ruwa ko abinci.

Alamomin da ba a jira da su

Ba aikin iyali ba ne su tantance ko cuta ta Allah da Annabi ce ko ta hannun mutum. Aikinsu su lura su kai rahoto. A garzaya asibiti, a kuma sanar da mai unguwa ko dagaci, idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Mutum biyu ko fiye a gida ɗaya, tsangaya ɗaya ko unguwa ɗaya sun kwanta da alamomi iri ɗaya cikin 'yan kwanaki.

2. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya ko fitar hayyaci. A jariri, kumburin maɗiga, ƙin kama nono ko jijjiga.

3. Gudawa tsararo kamar ruwan shinkafa, musamman a babba. A fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun a hanya: lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

4. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin cizon sauro bayan kwana biyu zuwa uku, ko wanda ya zo da zubar jini ta hanci, dasashi ko bahaya.

5. Ƙurji mara zafi mai baƙin ɓawo a tsakiya da kumburi a kewaye, a hannu, wuya ko fuska, ga wanda ya taɓa dabba, fata ko ɗanyen nama.

6. Mutuwar dabbobi ko kaji ko agwagi farat ɗaya, ko rasuwar matashi lafiyayye cikin kwana ɗaya ko biyu ba tare da sanadin da aka sani ba.

Game da saifa, a riƙe wannan da kyau. An saba idan dabba ta faɗi a yi maza a sa mata wuƙa kafin ta zama mushe, don a rage asara. A nan ne cutar ke samun mutane. Kada a yanka, kada a feɗe, kada a ci, kada a sayar da fata ko a yi ganda da ita. Buɗe gawar ne ke ba ƙwayar damar yin ɓawon da zai sa ta rayu a ƙasa shekaru masu yawa. A hana yara da karnuka zuwa wurin, a kira malamin dabbobi. Cutar ba ta cika bi daga mutum zuwa mutum ba, kuma tana jin magani idan an zo da wuri. Kada a sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis a sha don kariya ba tare da umarnin likita ba, domin yana ɓoye cutar daga gwaji, yana kuma koya wa ƙwayoyin cuta bijire wa magani.

Kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido kan cututtuka a sashen lafiya na sakatariya, kuma ana kiran NCDC kyauta a lamba 6232. A tabbata yara sun kammala rigakafinsu, domin ƙyanda da mashaƙo sun kashe yaran Arewa a 'yan shekarun nan fiye da duk wani harin ƙwayar cuta da aka taɓa kaiwa a tarihin zamani na 'yan ta'adda.

Abin da ke wuyan hukuma

Na farko, gwaji ya matso kusa. Babban asibitin Talata Mafara yana kan hanyar Gusau zuwa Sakkwato, tsakanin Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ya dace ya zama wurin tara samfuri na wannan shiyya, da wutar sola da firji, da kayan gwajin gaggawa na kwalara da sanƙarau a ajiye kafin lokacinsu, da kuɗin mai na kai samfuri Abuja ko Vom ba tare da jiran sa hannu ba.

Na biyu, jami'in sa ido ya samu babur da mai da katin waya a kan kari, a kuma tanadi hanyar aika rahoto ranar da layi ya ɗauke. Duk shawarar tsaro da za ta katse waya ko ta rufe hanya, a zauna da jami'an lafiya kafin a zartar da ita.

Na uku, a haɗa malamin dabbobi da malamin asibiti a tebur ɗaya. A riƙa yi wa dabbobi allurar saifa duk shekara, a sa masu duba nama a mayanka da kara, a jawo sarakunan fawa da ardo-ardo cikin aikin. Kuma a biya diyya ga wanda ya kai rahoton dabbarsa. Makiyayin da ya san zai yi asarar saniya kyauta, ba zai faɗa ba.

Na huɗu, a kare ma'aikatan lafiya, a biya su haƙƙinsu, a samar musu safar hannu da takunkumi da ruwa a wurin aiki. A 2014 Ebola ta tsaya a mutum 20 da rasuwar takwas a Najeriya saboda Dakta Stella Adadevoh ta gane cutar ta hana majinyacin fita, sannan ƙwararrun da aikin shan-inna ya horar suka bi sawun duk wanda ya yi hulɗa da masu cutar. Ita kanta ta rasa ranta a wannan aiki.

Na biyar, a dogara da idon jama'a. A ƙarshen 1966, a gabashin Najeriya, Dakta William Foege ya ga allurar agana ba za ta ishi kowa ba. Sai ya nemi a riƙa aiko masa labari daga ƙauyuka ta rediyon 'yan mishan, yana yi wa waɗanda ke kewaye da mai cutar kaɗai. Wannan dabara ta bazu a duniya har aka sanar da ƙarewar agana a 1980. Masu unguwanni, limamai, malaman tsangaya, ungozomomi, wanzamai da masu kemis na Bakura da Maradun za su iya zama irin wannan ido, in an koya musu alamomi kaɗan, an ba su lambar da za a ɗauka idan sun kira.

Gwamnatin Zamfara ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiya a farkon 2024. Gyaran gine-gine abu ne mai kyau, amma ma'aunin da ya kamata jama'a su riƙe shi ne wannan: idan yara biyar suka kwanta a wani ƙauyen Maradun yau, kwana nawa kafin Gusau ta ji, kwana nawa kafin sakamakon gwaji ya dawo, kwana nawa kafin magani ya iso? Mai karatu na da damar yi wa kansilansa da ɗan majalisarsa wannan tambaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah Ya tsare mu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.